Mai Ɗaukar Wajen Kai a Mubi

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Jimeta, gari bai gama wayewa ba muka haye gadar Binuwai. Mu uku ne a motar: direba, da wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke ce wa Sista, ita ce shugabar tafiyar, sai ni a baya rungume da jaka. Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a nan sun san fisiyo na karanta, wato abin da ake cewa gashi a asibiti, kuma bara na gama bautar ƙasa. Wannan ne karon farko da aka tura ni in koyar da mutanen da suka haife ni. Aikin shi ne in nuna wa wata ƙungiyar 'yan agaji ta sa-kai a Mubi yadda za su riƙa ɗaukar wanda ya yi haɗari ba tare da su ma sun ji wa kansu ciwo ba. Na daɗe ina shirya darussan, na jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, na yi wa kaina alkawarin ba zan tsallake ko ɗaya ba.

Damina na ƙarewa, kogi ya cika har ya taɓa gonakin bakinsa. Daga Girei zuwa Song hanya ba ta da laifi sosai, ko kuma dai ni ne ban san abin da ke gaba ba. Bayan mun wuce duwatsun nan uku na Song sai ramuka suka fara. Direbanmu ya san su ɗaya bayan ɗaya, yana kauce musu kamar mai bin layin unguwarsu. Da muka faɗa wani babba har kaina ya bugi rufin mota, sai ya ce, "Yi haƙuri, Likita. Wannan tun kafin a yaye ka yake nan, har gaisawa muke." Na gaya masa ni ba likita ba ne, kamar yadda nake gaya wa kowa, kuma kamar kowa bai saurare ni ba. Na kuma ba shi shawara cewa wataƙila da ya ɗan matso da kujerarsa gaba da ƙugunsa ya samu sauƙi. Ya ce kujerar ta daina motsi tun zamanin mai motar na farko.

A Gombi muka karya. Ƙosai mai zafi da kunun gyaɗa, a wurin wata mata da ke suya a bakin tasha. Ba zan faɗi farashi ba, don kafin ku karanta wannan ya canza, amma ƙosan da a da za a cika maka leda da shi yanzu ƙirga maka ake yi ana kallon idonka. Kunun kuwa, idan ban yi kuskure ba, ban taɓa shan irinsa a Jimeta ba. Sista ta sayi rake ta ce na hanya ne, ta gama shi kafin mu kai Hong.

Daga Hong ƙasa ta canza. Tsaunuka suka matso kusa da hanya, kore shar, masara ta bushe a tsaye tana jiran karya, an shanya gyaɗa a gefen kwalta har sai mota ta kauce mata. Shingayen jami'an tsaro suna da yawa, a kowanne sai a leƙo a tambayi ina za mu, Sista ta amsa, a ɗaga mana hannu. Muka karya kwana a Mararraba, ba a jima ba manyan motocin shanu suka fara wuce mu suna fitowa, na san mun kusa.

Mubi ta fi yadda na zata girma da hayaniya. Duwatsu sun tsaya mata ta gabas kamar katanga, keke na ta kai-komo, ga masu canjin sefa, kuɗin Kamaru, a bakin hanya da daurin kuɗi a hannu kamar masu sayar da alewa. A cikin taku kaɗan za ka ji Fulatanci da Gude da Kamwe da Turanci, sai Hausa ta haɗa kowa. Hausar tasu ba ta damu da mace da namiji ba. Mai masaukinmu a Sabon Layi ya ce mini, "Matan can zai kawo maka ruwa," na tsaya ina jiran mata da yawa, sai ga tsohuwa ɗaya da buta. Ban faɗi haka don raini ba. Mutumin yana jin harshe huɗu, ni kuwa da biyu nake fama.

Washegari muka haɗu da 'yan agajin a harabar wata makarantar firamare da ke hutu, a ƙarƙashin dogon yaro. Ba su kai ashirin ba. Akwai tela, da 'yan keke, da mahauci, da manoma, Musulmi da Kirista, kakinsu ya koɗe amma an goge shi. Ba a biyan su komai. Idan sa ya soki mutum a kasuwar shanu, ko babur ya kife, ko ruwa ya ja wani a mayo, wato rafi, su ake kira. Gadon da suke ɗaukar majinyaci a kai mai walda ne ya haɗa musu, bututun ƙarfe biyu da tampol a tsakani. Na gwada ɗaga shi ba kowa a kai, na ji shi kaɗai ma kaya ne.

Shugabansu wani dattijo ne siriri mai farin gemu, manomi daga Digil, a keke mai taka yake zuwa. Kowa Bappa yake ce masa, har waɗanda ba Fulani ba. Shi ya tara su tun farko. Mataimakinsa Tizhe, shi ne telan, ƙato ne mai yawan barkwanci. Tun da Bappa ya taho gaishe mu na lura da tafiyarsa. Takalminsa na hagu yana jan ƙasa, bakinsa har ya cinye. Da ya zo zama a benci sai da ya dafa bishiya.

Na fara da motsa jiki, kamar yadda na tsara. Miƙa hannu, juya ƙugu, durƙusawa a tashi. Aka yi ta dariya. Tizhe ya ce, "Likita, mai haɗari zai jira mu mu gama rawa?" Na ce ba lokacin haɗari ake yi ba, kullum da safe ake yi, ko da kaɗan ne, don jiki ya saba. Na yi musu bayanin shan ruwa, da hutawa bayan aiki mai nauyi, da faɗar ciwo tun yana ƙarami. Suka gyaɗa kai cikin ladabi, irin gyaɗawar da ake yi wa mai wa'azin da bai kai shekarun ɗanka ba.

Sai na ce su nuna mini yadda suke ɗauka. Mahaucin ya kwanta a gadon yana nishin ƙarya. Mutum biyu suka tsaya wajen ƙafa. Bappa ya taka ya tsaya wajen kai shi kaɗai, ya sunkuya daga ƙugu, gwiwa a miƙe, ya ce bismillah, ya ɗaga. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Da suka ajiye na ce, cikin lallaɓawa, wajen kai ne ya fi nauyi, don can ƙirji da kafaɗu suke, saboda haka zai fi kyau masu ƙarfi biyu su riƙa kama shi, kuma a riƙa canji. Bappa ya yi murmushi ya koma ya zauna. Na ji kamar na taka wa wani sallaya da takalmi, na yi sauri na wuce batun lanƙwasa gwiwa.

Wajen cin abinci, tuwon masara da miyar yakuwa da gyaɗa, Tizhe ya matso kusa da ni. Ya ce, "Likita, maganan ka gaskiya ne, amma wajen kai na Bappa ne." Na tambaye shi dalili. Ya ce wanda ke wajen kai shi mai rauni ke gani. Shi zai yi masa magana da yarensa, ya tambayi sunansa da na gidansu, ya hana shi firgita. Idan kuma rai ya zo fita a hanya, shi zai laƙƙana masa kalmar shahada ya rufe masa ido. In Kirista ne, Bappa zai riƙe shi ya kira Tizhe ya yi masa addu'a. "Wannan ba aikin yaro ba ne," in ji shi. "Mutum yana mutuwa ya buɗe ido ya ga ɗan keke da ya taɓa cin kuɗinsa?" Ya yi dariya, ni ma na yi, amma na gane ba taurin kai ne kawai na tarar ba.

Bayan azahar na roƙi Bappa ya ba ni dama in duba shi a cikin aji, mu biyu. Ya yarda da ƙyar. Na kwantar da shi a kan tabarma na ɗaga ƙafarsa ta hagu a miƙe, ba ta yi nisa ba ya cije leɓe. Na ce ya tsaya a kan dunduniya, ta dama ta tsaya, ta hagu ta faɗi. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce tun farkon damina ƙafar take barci, kamar tururuwa na tafiya daga ƙugu har babban yatsa. Ba sai na buɗe littafi ba. Alamun guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya zamo ya danne jijiya, kuma idan ƙafa ta fara rauni haka, ɗaukar nauyi ɗaya a karkace na iya ƙarasa ta.

Abin da ya kamata in ce gajere ne. Ga abin da na ce. Na ce wataƙila jijiya ce ta ɗan matsu, ko da yake gajiyar noma ma tana iya kawo irin haka, kuma ba zan iya tabbatarwa ba sai an yi hoto, amma da dai za a ɗan rage ɗaukar abu mai nauyi da ina jin zai taimaka. Bappa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ke nan ba ka hana ba?"

Na ce, "To, Bappa, ba wai hanawa ba ce kai tsaye, shawara ce dai."

Ya ce, "Useko, Likita," wato ya gode. Ya sa takalminsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kada yaransa su ji. In suka ji, za su ajiye shi a gindin bishiya su riƙa kawo masa rahoto, kuma mutumin da aka ajiye a gindin bishiya makara yake jira. Ga masararsa a Digil ba a karya ba. Na ce masa ba zan faɗa ba.

Na yi ta kare kaina a zuciya. Ba likita ba ne ni, ba hoto a hannuna, kuma wane ne ni da zan sauke dattijo daga wurinsa a ranar farko da na san shi? Da yamma muka leƙa kasuwa don in sayi kilishi na tsaraba. Kasuwar Mubi sai mutum ya ɓata a cikinta, layin wake daban, layin atamfa daban, buhunan masara daga ƙauyuka an jibge kamar gini, 'yan dako suna gudu da su a wuya, kowannensu ya lanƙwashe ta yadda na yi shekaru ina koyon hana mutane. A nan na gaya wa Sista abin da na gani. Ta tsaya cak a gaban mai albasa ta ce, "Ka ce masa ya daina?" Na ce na nuna masa. Ta ce, "Nuni na makaho ne da sanda. Gobe ka faɗa masa da baki, in ba za ka iya ba ni zan faɗa." Na ce zan faɗa, amma bari a gama darasin safe tukuna, kada in ɓata masa rai tun kafin a fara.

Ba a gama darasin safen ba. Muna tsakiyar koyon ɗaga buhu da gwiwa wayar Tizhe ta yi ƙara. Wani ɗan acaɓa daga Muchalla, ɗauke da fasinja da buhu, ya kauce wa keke a bakin wata ƙaramar gada ya gangara ƙasa. Kafin in tattara takarduna sun ɗauki gado sun cika keke biyu. Muka bi su a motarmu.

Ɗan acaɓan ya tashi da ƙujewa kawai. Fasinjan ne ke kwance can ƙasa a bakin ruwa, wani ɗan kasuwa mai jiki, ƙafarsa ta karye, yana ihu yana ƙoƙarin tashi. Mutane sun cika gadar suna ba da shawara. Bappa ya gangara a hankali, ya durƙusa wajen kansa, ya ɗora masa hannu a goshi. Ya yi masa Hausa, ya koma Fulatanci, sai mutumin ya amsa. Ban ji abin da suke cewa ba, amma na ga ihun ya koma nishi, na ga ya daina fizge-fizge har Sista ta samu ta ɗaure ƙafar da itace biyu. Zan faɗi gaskiya, a makaranta ba a koya mini abin da hannun nan ya yi ba, kuma ganinsa ya ƙara ɗaure mini baki.

Aka mirgina mutumin a kan gado. Gangaren yana da santsi, kuma dole a hau shi a karkace. Bappa ya gyara tsayuwa ya kama ƙarfe biyun na wajen kai. Ina tsaye kusa da shi, kusa ƙwarai. Na ce, "Bappa, ko da za a..." Ya ce bismillah.

Sun kai rabi ƙafarsa ta hagu ta zame, ƙugunsa ya murɗe. Na ji ya ja numfashi ta haƙora. Bai saki ba. Ya riƙe har suka kai sama, har aka shigar da mutumin cikin motarmu, sannan ya tsaya a sunkuye kamar mai neman abin da ya faɗi. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, ya kasa. Ya dafa mota, ya zauna a ƙasa, sannan ya kwanta a gefen hanya. Na cire masa takalmi na ce ya ɗago yatsunsa sama. Na dama suka ɗago. Na hagu ko motsi.

Mota ta tafi da mai karaya ta dawo da gadon. Aka shimfiɗa Bappa a kai, sai duk suka tsaya cirko-cirko. Huɗu sun taru wajen ƙafa, wajen kai ba kowa. Daga kwance ya dube su ya ce, "Tizhe, kama mana. Ko jira kuke in sauko in ɗauki gadon da nake kwance a kai?" Tizhe ya kama. Ban taɓa ganin ƙato ya ɗauki abu da irin wannan fuskar ba.

A asibiti aka yi masa allura, likitan ya faɗi abin da na sani tun jiya, ya faɗe shi a jimla biyu. Ya ce sai an yi hoton baya a Yola, kuma kada a ɗauki lokaci. Bappa ya ce sai ya koma gida ya ga iyali tukuna, aka kai shi Digil. A hanyar masauki Sista ta kawar da kai tana kallon taga. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ranar ƙarshe saura darasi ɗaya, wanda na ajiye a ƙarshe don shi ne mai wuya: yadda ake ɗaukar wanda ake zargin ya bugu a wuya ko a baya. Na tsaya a gabansu ba Bappa, na fara bayani kamar yadda aka koya mana. Na ce shugaban aiki yakan durƙusa wajen kai, ya tallafe kan mai rauni da hannu biyu don kada wuya ya motsa. Shi ke yi masa magana. Shi ke ba da umarni, sai ya ce a ɗaga ake ɗagawa, sai ya ce a ajiye ake ajiyewa. Nauyi kuwa ba nasa ba ne, mutum huɗu ko shida ne ke kama gado ta gefe da gefe, shi yana biye da kai a hannunsa. Ina cikin faɗa na ji muryata tana raguwa, don sai a lokacin na ji abin da nake cewa.

Tizhe ya ce, "Likita, maimaita."

Na maimaita.

Ya ce, "Wajen kai, yana magana, yana ba da oda, kuma ba ya ɗaukan nauyi?" Na ce haka ne. Ya ce, "Wannan ai Bappa ne aka rubuta. Me ya sa ba ka fara da shi ba?"

Na ce shi ne na ƙarshe a tsarin. Ba wanda ya yi dariya. Muka yi gwajin, mahaucin ya sake kwanciya, wannan karon ba nishin ƙarya. Sun iya shi tun a gwaji na biyu.

Kafin mu kama hanya na roƙi Sista mu biya Digil. Ba nisa daga gari, gonaki ne hagu da dama, mata ɗauke da kwanduna sun nufi kasuwa. Tizhe ya raka mu, ya nuna mana gonar Bappa ta taga, masara ta sunkuyar da kai gaba ɗaya. Ya ce sun yi magana, za su yi masa gayya su karye ta. Matar Bappa ta yi mana maraba ta kawo dafaffiyar gyaɗa da fura. Shi kuwa yana kwance a tabarma a rumfa, an tokare masa gwiwa da filo, kekensa jingine da bango.

Muka gaisa, na duba ƙafar, ba canji. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Likita, tambaya ɗaya. Zan sake ɗauka?"

Na ji kalmomin nan nawa sun taru a bakina, wataƙila, da sai an ga hoto, da Allah ne masani. Na haɗiye su. Na ce, "A'a, Bappa. Ɗauka ta ƙare. Ko ƙafar ta dawo, ta ƙare. Kuma Yola cikin makon nan za ka zo, ba bayan masara ba." Sannan na gaya masa darasin ƙarshe, Tizhe yana nuna masa da hannu yadda ake tallafe kai. Na ce wurin nan nasa ne in ya samu ya tashi, kuma ba al'adarsu kaɗai ta ba shi ba, haka aikin yake a ko'ina.

Ya daɗe yana kallon rufin rumfa. Sannan ya juyo ya ce, "Yau ka yi magana kamar likita." Sai ya ƙara da cewa, "Shekaranjiya ina bakin nan yake?"

Ba da faɗa ya yi tambayar ba, har da ɗan murmushi. Bai jira amsa ba, ya ce wa matarsa ta ƙulle mana gyaɗa mu tafi da ita.

Hanyar dawowa ita ce dai ta zuwa, ramukan suna nan inda muka bar su. A Gombi direba ya tambaye ni ko zan ci wani abu, na ce a'a. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Yau ba wataƙila?" Muka shiga Jimeta da la'asar, na raba kilishi a gida, aka tambaye ni ya Mubi na ce lafiya.

Ban san ko ina da hurumin yi wa kowa nasiha ba, amma ga abin da na dawo da shi. Masu ceton mutane ba sa iya faɗin ciwonsu, don suna ganin ranar da suka faɗa ita ce ranar da za a daina kiransu. Wanda ya je musu da maganar lafiya, bai isa ya ce su sauke nauyi ba sai ya nuna musu inda za su tsaya bayan sun sauke. Ni ina da wurin tsayuwar a jakata tun daga Jimeta, tsoron ɓata tsari da kunyar furfura suka sa na riƙe shi har ya wuce lokacinsa. Kunya tana da kyau, da ita aka rene ni, amma na ga ranar da ta yi ɓarna.

An kawo Bappa Yola an yi hoton, likitoci suna shawarar aiki, ya koma gida yana tunani. Jiya Tizhe ya kira ni. Ya ce an karye masarar, ta yi kyau. Ya ce kuma ya je gaisuwa ya tarar da Bappa zaune a jingine, ya tallafe kabewa da hannu biyu yana ce mata kada ta motsa, sun kusa kaiwa. Muka yi dariya a waya. Sai na tambaye shi ƙafar fa. Ya ce har yanzu yatsun ba su ɗago ba.